Rasuwar Gwaggo, Wadda Baƙin Mai Ya Yi Ajalinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tsakar gida mai cike da ɗigon baƙin mai, ni mai ƙwai ta ƙarshen layi, a madadin mahaifiyarmu da maigidana da yayana da yarana, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk masu shagunan da nake kai wa kaya cewa Gwaggo ta cika. Ta cika ne da hantsi, a kan babbar gadar da ke gangarawa kasuwa, bayan doguwar jinya a hannun likitoci biyu da ba su taɓa yarda da juna ba.

Wanda bai san gidanmu ba kada ya fara neman takalminsa. Gwaggo mota ce. Malamin da ke koya wa yarana karatu ya gyara mini magana, ya ce mota ba ta rasuwa, mutuwa take yi, kuma jaje ake yi wa mai ita, ba ta'aziyya ba. Na ji, na kuma gode. Sai dai mutuwa kam Gwaggo ta sha yin ta a hanya, a tura ta, ta yi tari ta tashi. Wannan karon daban ne. Don haka a yi mini uzuri in ce ta rasu.

Ba wanda ya san shekarun marigayiya, domin da furfurarta ta shigo gidanmu. Ina 'yar makaranta Baba ya kawo ta, doguwa mai faɗin baya, launin toka. Ya fito ya shafa bonet ɗinta ya ce mana, "Ga ƙanwata na kawo muku, ku zo ku gaishe ta." Muka gaishe ta. Tun daga ranar ta zama Gwaggo, har Inna ma da sunan take kiranta.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Ba ta taɓa cewa kaya sun yi mata yawa ba. Ƙofarta ta dama daga waje kaɗai take buɗuwa, saboda haka duk wanda ta ɗauka sai an fito an buɗe masa kamar babban baƙo. Hon ɗinta kamar akuya mai mura yake, amma bai taɓa kunyata ta a mahaɗar hanya ba. Da safe in an murɗa makulli sai ta ce kirr-kirr-kirr, ta yi ɗan shiru kamar mai shawara da zuciyarta, sannan ta amsa da gudu-gudu-gudu, har maƙwabta su san gari ya waye. A cikinta na koyi tuƙi, Baba yana gefe yana taka birkin da babu shi. Ita ce kuma ta kai shi asibiti a tafiyar da bai dawo ba.

Kafin wannan tafiyar ne Baba ya miƙo mini makullinta a gaban Yaya. Yaya direban tirela ne, ya fi kowa a gidanmu sanin ƙarfe. Baba ya ce masa, "Kai kana da babba. Bar wa Auta ƙarama." Yaya ya ce, "To, Baba." Amma wannan "to" ɗin akwai ƙashi a cikinta, duk wanda ke ɗakin ya ji.

Da Gwaggo na kafa sana'ata. Kullum sai in kwantar da kujerar baya in jera kiret-kiret na ƙwai har kusa da rufi, mu zaga shaguna. Ta san kowane rami a hanyarmu. In mun zo kansa sai ta sunkuya a hankali ta ɗago a hankali, kamar tsohuwa ɗauke da jariri.

Ciwon nata na tsufa ne, ya kuma fara a sannu. Ta soma shan baƙin mai fiye da ƙa'ida. Da safe salansarta ta riƙa fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, inda ta kwana kuma a tarar da ɗigo biyu-uku a ƙasa. Tun zamanin Baba bakanike ɗaya ke yi mata juyen baƙin mai, wani dattijo da ake kira Hakane saboda duk abin da ka faɗa masa amsarsa "haka ne". Mai matsakaici yake zuba mata, ba mai kauri can ba, ba kuma tsinkakke ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili. Da an bar ta a haka, wataƙila da yanzu ba na rubuta wannan sanarwa.

Likita na farko shi ne maigidana. A kantin magani yake aiki, kuma mutum ne da ko sabulu ya saya sai ya karanta takardar jikinsa kafin ya yi wanka. Wata rana ya dawo da labarin lambobin da ke jikin galan ɗin mai. Ya zaunar da ni ya ce lambar farko, mai harafin W a gabanta, tana nuna yadda man ke gudu lokacin da inji yake da sanyi. Ta biyun kuma tana nuna kaurin da zai riƙe in inji ya ɗau zafi. A cewarsa, inji ya fi cin kansa ne da safe, a ɗan lokacin da mai bai riga ya hau sama ba, don haka Gwaggo tana bukatar mai marar nauyi, 5W-30, wanda zai zaga jikinta nan da nan. Ya ƙara da cewa man zamani da sinadaransa yake zuwa, masu wanke dauɗa da masu hana ƙarfe cin ƙarfe, ba a ƙara masa komai, kamar yadda ba a ƙara wa ƙwayar magani gishiri. Na ji maganar ta shiga kunnena.

Likita na biyu shi ne Yaya. Da labarin ya iske shi, ko ruwa bai tsaya sha ba ya taho. Ya tarar da mu a inuwar ƙofar gida. Ya dubi maigidana, wanda yake kira Likita in yana son tsokana, ya ce, "Likita, yanzu tsohuwa za ka ba ruwan shayi ka ce ta ƙoshi? Injin nan ya yi giɓi kamar bakin kaka. Ka zuba masa tsinkakken mai, ta tsakanin ringin da ke tare mai a inji zai zurare ya ƙone. Mai kauri take so, 20W-50, wanda zai cike giɓin. A bi shi da gwangwanin zuma ɗaya, shi ke nan." Zumar da yake nufi wani sinadari ne mai yauƙi da ake ƙarawa a mai don ya ƙara kauri.

Maigida ya ce, "Yaya, ai wannan kafin ya iso saman inji an yi sallama da ƙarafa."

Yaya ya ce, "Ni da kunne nake gane inji, ba da takarda ba."

"Ai kunne ma yana tsufa, Yaya."

Maganar Yaya ma ta shiga kunnena, ta ɗaya gefen. Na ce mu je wurin Hakane ya raba gardama. Maigida ya yi bayaninsa tsaf, Hakane ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne." Yaya ya yi nasa yana buga tafin hannu a kan bonet, Hakane ya ce, "Haka ne." Na ce, "Baba Hakane, ai maganganun nan biyu ba sa zama tukunya ɗaya." Ya dube ni da tausayi ya ce, "Wallahi haka ne." Kowannensu ya koma gida yana cewa bakanike ya goyi bayansa.

Na yanke hukunci na ce a bar mini motata yadda take. Dukansu suka ce to.

Ranar hutunsa maigida ya ce zai kai Gwaggo wanki. Ta dawo fes, ta kuma dawo da sabon jini, wato man nan nasa marar nauyi. Gaskiya da farko ta ji daɗinsa. Da safe kirr ɗaya take yi ta tashi, ta daina dogon tunani. Maigida ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa da kofin shayinsa yana murmushi shi kaɗai. Amma ba a jima ba hayaƙin ya ƙaru, ɗigon da ke ƙasa ya zama ɗan tafki. Da alama tsohuwar dauɗar da ke toshe mata wasu ƙofofi ce sabon man ya wanke, asiri ya tonu.

Yaya ya dawo daga doguwar tafiya, ya zo gaida mu. Kafin ya gaida ni ya gaida Gwaggo. Ya zaro sandar gwada mai, ya murza abin da ke jikinta tsakanin yatsunsa, ya shinshina. Fuskarsa ta canza kamar wanda ya tarar an aske wa ɗansa kai ba da saninsa ba. Ya mayar da sandar ya rufe bonet. Washegari ya aiko a ba shi aron mota, wai zai kai Inna a duba mata ido. Inna ta dawo ba a duba ta ba, ta ce ita dai a gareji ta wuni a kan benci. Gwaggo kuwa ta daina hayaƙi, ta daina ɗigo, amma da safe sai ta riƙa cewa uwww-uwww kamar mai ɗaga buhu, saman injin yana ƙas-ƙas-ƙas kafin ya lafa. Maigida ya tsinci gwangwanin zumar a but ɗin motar, ya kawo shi ɗaki ya ajiye a kan tebur, ya zauna yana kallonsa kamar wasiƙar sammaci.

Daga nan gaisuwa ta yi tsami tsakaninsu. In Yaya ya zo, maigida sai ya tuna yana da aiki a kanti. In sun haɗu a wurin Inna, ɗaya ya dubi gabas ɗaya ya dubi yamma. Yarana ma suka rabu biyu, 'yan bayan babansu da 'yan bayan kawunsu, har ana musu a kan tabarma wane mai ne ya fi. Na je wurin Hakane na roƙe shi kada ya sake yi wa Gwaggo juye sai in ni na kawo ta da kaina. Ya ce haka ne, kuma ya cika alkawari. Duk wanda ya je ya sallame shi.

Da aka rufe ƙofar juye, sai suka koma ƙari. Kowa ya san Gwaggo tana shan mai, saboda haka kowa ya ga yana da hujjar ƙara mata, kuma kowa yana zaton shi kaɗai ke ƙarawa. Maigida ya riƙa tsiyaya mata nasa tsinkakke don ya sassauta na Yaya, ya bi shi da wani ruwan wanke inji da ya karanta takardarsa har baya. Yaya in ya biyo ya tsiyaya nasa mai kauri don ya danne na maigida, ya bi shi da zuma da wani maganin hana hayaƙi. Ba wanda ya ƙara duba inda mai ya tsaya a jikin sanda. Ɗaya ya dogara da kunnensa, ɗaya da takardarsa. Ni kuma ina can cikin kaji, ina murna cewa rigima ta lafa.

Ranar da abin ya faru, rana ce da na daɗe ina jira. Mai babban gidan burodin da ke gindin gada ya yarda a karon farko ya karɓi ƙwai daga hannuna, da sharaɗin ya iso kafin su fara kwaɓin rana. Ya ce in na saɓa sau ɗaya, yana da masu jira a layi. Na cika Gwaggo har ba na ganin baya ta madubi. Ta tashi da ƙyar, tana wani numfashi mai gurnani da ban san ta da shi ba. Na shafa sitiyari na ce, "Daure, Gwaggo, yau ɗaya."

Ta daure har muka fara hawan gada. A tsakiyar hawan jar fitilar mai ta fara ƙiftawa. Hayaƙi ya turnuƙe bayanmu har masu babura suna toshe hanci suna zagina. Sai na ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga can cikin cikinta, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe da guduma. Babu wurin tsayawa, motoci gaba da baya. Ta ja mu a haka har ƙololuwar gada. A nan ta ce gau! sau ɗaya, ta yi shiru. Da sauran gudun da ke jikinta ta gangara gefen hanya, ta tsaya a hankali kamar yadda ta saba tsayawa a ƙofar shago. Na juya na duba kaya. Ko ƙwai ɗaya bai fashe ba.

Na kira su duka biyu. Maigida ya iso a bayan babur da farar rigar aikinsa, Yaya ya iso da silifas wari da wari. Suka buɗe bonet. Mai ya fantsama ko'ina, wanda ke jikin sanda kuwa ya wuce alamar cika nesa ba kusa ba, ya yi kumfa kamar an kaɗa sabulu.

Yaya ya ce, "Ka gani ko, Likita? Ruwan shayinka."

Maigida ya ce, "Zumarka dai, Yaya. Na faɗa tun farko."

Suka ɗora daga inda suka tsaya, a tsakiyar gada, rana tana ɗagawa, ƙwaina yana ɗumama a bayan gilashi. Na buɗe baki zan yi musu maganar mai burodi, sai na ji abin da ya fito daban. Na ce, "Motar Baba ce fa." Sai hawaye. Na zauna a bakin titi na rufe fuska da gyale, ina kuka kamar ranar da muka dawo daga asibiti da kujerar gaba ba kowa.

Ban ji wanda ya fara yin shiru ba. Da na ɗago, na ga Yaya ya buɗe baya yana ɗora wa maigida kiret a ka. Maigida ya tuɓe farar rigarsa ya yi gammo da ita. Yaya ya ɗauki nasa. Haka manyan mutane biyu suka yi ta sauka da hawa a gadar nan, suna tafiya kamar masu tsallake kogi a kan gungume, wannan yana cewa "a hankali, Likita, akwai dutse," wancan yana cewa "riƙe gefen nan, Yaya." Mai burodi ya fito ya tsaya yana kallon ikon Allah. Ya karɓi kayansa cif, kwaɓi bai wuce ba. Ya ce mini duk mai ƙwan da ke da 'yan dako irin waɗannan, shi ba zai rabu da ita ba.

A garejin Hakane aka binciki gawa. Da ya kwance mata ƙasa, abin da ya fito ya cika daro, aka kawo na biyu. Kala uku ne a ciki, ga wani gudaji-gudaji, ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli. Mai ya yi yawa har ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji ya riƙa kaɗa shi, ya zama kumfa, kumfa kuwa ba ta raba ƙarfe da ƙarfe. Hannun fistin ɗaya, cikin ƙarafan da ke hawa da sauka a inji, ya karye ya fasa jikin injin, rami har ka zura hannu.

Maigida ya tambaya a sanyaye, "Kaurin ne ya jawo, ko?" Hakane ya ce, "Haka ne." Yaya ya ce, "Ko dai tsinkewar?" Ya ce, "Haka ne." Ni kuma na ce, "Baba Hakane, za ta tashi?" Dattijon ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Sannan ya ce, "A'a, 'yata." Tun ina yarinya nake zuwa garejin nan, ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba.

Da yamma Inna ta tara mu a ɗakinta. Ta tambayi Yaya me ya kai shi. Ya sunkuyar da kai ya ce Baba ya ba Auta mota, amma shi Yaya ya ba wa amanar Auta, kuma bai san wata hanyar kula da ni ba in ba ta inji ba. Ta tambayi maigida. Ya ce kullum na fita da kaya hankalinsa ba ya kwanciya, yana tsoron motar ta tsaya mini inda ba kowa, kuma ya gaji da a riƙa nuna masa kamar baƙo ne shi a kan abin da ya shafi matarsa. Inna ta dube su ta ce, "To ai kun kula da ita. Kun kula da ita har kun kashe ta. Ku gode Allah ba Autar kuka ɗura wa ba." Yaya ne ya fara dariya, maigida ya bi, suka yi ta yi har Yaya yana share ido yana dafa kafaɗarsa.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi huɗu, ba biyu da suka haɗa uba, da safaya ɗaya da ta daɗe ba ta da iska. Ta bar batir mai sauran ƙuruciya, da rediyo mai kama tasha ɗaya tak, da jak ɗin ɗaga mota da sai an tallafe shi da dutse. Ta bar galan biyu rabi-rabi, ɗaya mai kauri ɗaya tsinkakke, waɗanda har yanzu ba wanda ya fito ya ce nasa ne. An raba gado ba tare da ƙara ba. Inna ta ɗauki madubin ciki. Yaya ya roƙi kan giya, wanda tafin hannun Baba ya goge har ya yi santsi, na ba shi da hannu biyu. Kujerar baya za a ajiye ta a inuwar ƙofar gida don masu zuwa gaisuwa. Makullin yana wurina.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da hantsi daga garejin Hakane zuwa filin masu sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan tasha. Ba za a kira motar ja ba. Maigida da Yaya sun nemi alfarmar su tura ta da hannunsu, ni kuma zan riƙe sitiyari. Mai son rakiya ya zo da takalmin da ba ya tsoron mai. Za a zauna karɓar gaisuwa a gida bayan an dawo. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da shawara a kan irin man da ya kamata a ce an zuba mata. Iyalan mamaciya sun ƙoshi.

A ƙarshe ina neman addu'ar jama'a ga janareton gidanmu, wanda lafiyarsa ƙalau, bai taɓa ko tari ba. Jiya na fito na tarar da maigida da Yaya tsugune a gabansa, kai a haɗe, sun buɗe murfin mai suna magana ƙasa-ƙasa. Na ji Yaya yana cewa, "Gaskiyarka, Likita," maigida yana cewa, "A'a, ai taka ta fi, Yaya." Na ɗauke shi na kai ɗakina na kulle. Allah ya ba mu haƙurin wadda muka rasa, ya kuma tsare mana wanda ya rage.